Yadda Ake Zuwa Taron Masana Falaki Daga Legas, Daga Neman Gurbi Har Ranar Gabatarwa

Ɗalibanmu da ke karatun fiziks a Akoka da Ojo da Yaba sun dame ni da tambaya guda, wasu ta waya, wasu in mun haɗu bayan sallar Juma'a a Idi-Araba ko Agege: "Malam, irin tarukan nan na masana taurari da ake yi a ƙasashen waje, ta ina ake shiga? Sai mai hanya ne?" Ba sai mai hanya ba. Kuma a iya abin da na gani, ba rashin kuɗi ne ya fi hana mutanenmu zuwa ba, makara ce da yin abubuwa a birkice. Wani ya samu gurbi ba shi da fasfo, wani ya rubuta tsakure (taƙaitaccen bayanin bincikensa) mai kyau amma ranar neman tallafi ta wuce shi, wani komai ya kammala sai biza ta fito bayan an tashi taro. Don haka jerin da ke ƙasa, yadda na tsara shi haka ake binsa.

1. Zaɓi taron da ya yi daidai da matsayinka

Iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai makaranta ko bita, inda za a zaunar da kai a koya maka aiki da hannu. Akwai kuma babban taro, inda masu bincike ke baje abin da suka gano. Idan kana digirin farko ko ka fara na biyu, makaranta za ka nema.

Ta kusa da mu ita ce PASEA, makarantar horar da matasan masana falaki na Afirka. A Abuja aka fara ta a 2013 da sunan WAISSYA, an yi ta a Nsukka da Gana, kuma tana karɓar 'yan digirin farko da na gaba da shi. Ƙungiyar masana falaki ta duniya, IAU, tana da tata makarantar mai suna ISYA, ta kimanin mako uku, wadda ta fi dacewa da mai digiri na biyu ko wanda ya fara na uku. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya tana shirya makarantu kan asali da tsarin sararin samaniya, ba ta karɓar kuɗin rajista, kuma tana ware tallafi ga 'yan ƙasashe masu tasowa. COSPAR, kwamitin duniya na binciken sararin samaniya, ma na shirya bita kan sarrafa bayanan taurarin ɗan'adam.

A ɓangaren manyan taruka, ka fara da gida: taron shekara-shekara na ƙungiyar masana falaki ta Najeriya, da na ƙungiyar masana fiziks ta ƙasa. Ba biza, ba dala, kuma nan ne bakinka zai saba da magana a gaban manya. Daga nan sai taron AfAS, ƙungiyar masana falaki ta Afirka, wanda ake yi kusan kullum a watan Maris ko Afrilu. Na 2024 a Marrakesh ta Maroko aka yi shi. Babban taron IAU kuwa duk shekara uku ne: na Agustan 2024 a Cape Town aka yi, karo na farko a nahiyar Afirka, na 2027 kuma a birnin Rum na Italiya za a yi.

Ina ake ganin sanarwa? Cibiyar adana bayanan falaki ta Kanada, CADC, tana da jerin tarukan falaki na duniya a shafinta, an jera su wata-wata. Ka haɗa da shafukan IAU da AfAS da ICTP, da na cibiyar kimiyyar sararin samaniya ta Nsukka, CBSS, wadda ke ƙarƙashin hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, kuma ita ke riƙe da ofishin IAU na bunƙasa ilimin falaki a Afirka ta Yamma.

Hattara: karanta sharaɗin ƙasa kafin ka ɓata dare kana cike fom. Wasu shirye-shiryen horarwa kan na'urorin hangen nesa na rediyo an keɓe su ne ga ƙasashen Afirka takwas da ke ƙawance da aikin gina katafariyar na'urar hangen nesa ta rediyo mai suna SKA, wato Gana, Kenya, Zambiya, Botswana, Namibiya, Mozambik, Madagaska da Morishus. Najeriya ba ta ciki.

2. Tabbatar taron na gaskiya ne

Da zarar adireshin imel ɗinka ya fito a wata maƙala, wasiƙu za su fara zuwa ana kiranka "babban masani", ana gayyatarka Dubai ko Paris. Yawancinsu kasuwanci ne kawai. Alamominsu ba sa ɓuya: taro ɗaya ya haɗa falaki da noma da haɗa magunguna, an karɓi tsakurenka cikin kwana ɗaya, abu na farko da ake nema shi ne kuɗi, babu wata jami'a ko ƙungiya da ka sani a bayansa. Ɗauki sunaye biyu ko uku daga kwamitin masana na taron ka saka su a ADS, rumbun maƙalolin falaki. In ba su da ko maƙala ɗaya a fannin, rufe shafin.

3. Fasfo da katin rigakafi, tun kafin ka nemi komai

Wannan matakin ne mutane ke ajiyewa a ƙarshe, alhali shi ne na farko. Fom ɗin neman gurbi da yawa suna tambayar lambar fasfo, kuma wasiƙar gayyata ba ta rubutuwa sai da ita.

A intanet ake cike fom a biya kuɗi, sannan a je ɗaukar hoto da zanen yatsa a ofishin shige da fice, Ikoyi ko Festac ko Alausa. Tun daga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 naira 200,000. Sai da lambar NIN, kuma a nan ne 'yan Arewa muka fi shan wahala. Muhammad a takardar makaranta, Mohammed a NIN, Muhammadu a banki. A'isha nan, Aishatu can. Ka daidaita su tun yanzu, domin sunan da ke fasfo shi zai hau tikiti da wasiƙar gayyata da biza, harafi da harafi.

Katin rigakafin cutar shawara kuma hukumar lafiya ta tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Murtala Muhammed. Afirka ta Kudu da ƙasashe da dama ba sa barin mai zuwa daga Najeriya ya shiga ba tare da shi ba.

Hattara: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Kada kuma ka sayi na bogi a bakin titi, yanzu ana duba lambarsa a kwamfuta.

4. Lissafa kwanaki daga ranar taro ka dawo baya

Ɗauki takarda ka rubuta ranar buɗe taro a ƙasa, sannan ka hau sama: ranar neman biza, ranar rufe rajista mai rahusa, ranar sanar da waɗanda aka ɗauka, ranar rufe karɓar tsakure, ranar rufe neman tallafi. A manyan taruka, tsakure da tallafi kan rufe wata huɗu zuwa shida kafin taro, sau da yawa rana ɗaya. Ma'ana, taron Agusta a Fabrairu ake yi masa aiki.

Kula da agogo. In an ce za a rufe 23:59 agogon Afirka ta Kudu, a Legas 22:59 ne. In agogon UTC ne, wato GMT, ka samu ƙarin awa ɗaya. Amma ni shawarata ka mayar da wa'adinka kwana biyu kafin nasu. Wuta za ta iya ɗaukewa, data ta ƙare, shafin ya cushe, kuma babu wanda zai buɗe maka don ka ce layi ne ya yi rauni.

5. Rubuta tsakure

Nan zan daɗe, domin nan ne ake faɗuwa.

"Ai ba mu da na'urar hangen nesa" ba uzuri ba ne yanzu. Bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia, wanda aka saki kashi na uku nasu a Yunin 2022, kyauta ne ga kowa. Haka na shirin zana taswirar sama na SDSS, haka na taurarin ɗan'adam Kepler da TESS da ke rumbun bayanai na MAST. Da laftof da yaren kwamfuta na Python, ɗalibi a ɗakinsa a Bariga zai iya sauke hasken wani tauraro ya auna yadda yake dushewa yana dawowa, ya fitar da tsawon zagayensa. Ƙaramin aiki ne, amma naka ne, kuma shi kwamiti ke son gani.

Da Turanci ake rubutawa, kalmomi 200 zuwa 300 galibi, kuma abu huɗu ake nema a jere. Tambayar da ka sa a gaba, jimla ɗaya ko biyu. Bayanan da ka yi amfani da su da inda ka samo su. Hanyar da ka bi. Sai sakamako, da lamba. A ce kana aiki kan taurari biyu masu zagaya juna suna shiga gaban juna: faɗi sunan tauraron, faɗi cewa bayanan TESS ne, faɗi yadda ka cire hayaniya daga cikin hasken, sannan ka faɗi tsawon zagayen da ka samu tare da iyakar kuskurensa. Shi ke nan.

Kura-kuran da na fi gani guda uku ne. Na farko, mutum ya cinye rabin wurin yana bayanin cewa ɗan'adam ya daɗe yana kallon sama. Masu karantawa masana ne, sun sani. Na biyu, a rufe da "za a tattauna sakamakon a wajen taro". Wannan jimlar ta nuna babu sakamako. In aikin bai ƙare ba, faɗi abin da ka samu zuwa yanzu, ka kira shi sakamakon farko, ba laifi ba ne. Na uku kuma shi ya fi muni: saka sunan malaminka ko wani farfesa ba tare da ya gani ya amince ba. Fannin nan ƙarami ne, kowa ya san kowa, maganar za ta koma masa.

Fom zai tambaye ka: jawabi ko fosta, wato babbar takardar da ake kafewa ɗauke da aikinka? In karonka na farko ne, zaɓi "kowanne", ko ka zaɓi fosta kai tsaye. Kada ka raina fosta. Mai jawabi minti 12 yake da shi sai tambaya biyu, mai fosta kuwa zai tsaya awa guda mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma a irin wannan tsayuwar ce ake samun wanda zai ce "turo min imel".

Buɗe lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, kafin ka fara, kyauta ce, minti kaɗan.

6. Nemi tallafi da wasiƙar malami

Tallafi kala-kala ne: yafe kuɗin rajista, masauki da abinci, kuɗin jirgi, ko duka. Rajistar babban taro kaɗai kan kai ɗaruruwan dala ko yuro, don haka ko ita kaɗai aka yafe maka an rage maka kaya. IAU na ba da tallafin zuwa tarukanta, AfAS ma haka ga ɗalibai da matasan masu bincike. Idan kai malami ne a jami'a ko kwalejin gwamnati, je ofishin TETFund na makarantarku ka tambayi kason halartar taruka. Ta hannun makaranta ake nema, kuma yana cin lokaci. 'Yan'uwa mata ku duba AfNWA, reshen mata na AfAS, kuma wasu tarukan na da tallafin kula da yara ga mai goyo, sai dai ba sa bayarwa sai an tambaya.

A wasiƙar neman tallafi kada ka yi kukan talauci shafi guda. Faɗi aikin da kake yi, wane ɓangaren taron ne ya shafe shi, me za ka yi da abin da ka koyo in ka dawo. Kawo kasafi na gaskiya: farashin jirgi daga Legas kamar yadda ka gani a ranar, biza, inshora, masauki. In sashenku ya yi alkawarin ko da kuɗin biza ne, rubuta. Kwamiti ya fi sakin hannu ga wanda ya nuna ya nema a wani wurin.

Wasiƙar malami kuwa, ba shi mako uku aƙalla. Je ofishinsa da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, sannan ka tura masa tsakuren da CV da sanarwar taron a imel ɗaya. A yawancin tsare-tsaren shi zai ɗora wasiƙar da hannunsa ta wata mahaɗa da za a aiko masa, kuma mahaɗar kan faɗa cikin tarkacen imel. Tuna masa cikin ladabi saura mako ɗaya, sannan saura kwana biyu. Ba rashin kunya ba ne. In wasiƙarsa ba ta shiga ba, ba za a ko buɗe fom ɗinka ba.

Hattara: tambayi yadda za a biya. Wasu su za su saya maka tikiti. Wasu kuwa kai za ka saya, su mayar maka bayan taro, wani lokaci bayan makonni. In na biyun ne, nemi mai ranta maka tun da wuri, ka buɗe asusun dala a banki, ka kuma sani cewa canji na iya motsawa tsakanin ranar saye da ranar biya.

7. Biza

Ranar da aka ce an ɗauke ka, ranar za ka nemi wasiƙar gayyata. Ta ƙunshi sunanka yadda yake a fasfo, lambar fasfon, ranakun taro, da abin da suka ɗauki nauyi ƙarara. A ranar kuma za ka nemi ranar ganawa, domin layin Legas ba ya jiran kowa, musamman daga Mayu zuwa Agusta lokacin da ɗalibai da masu hutu ke rububi.

Gana da Senegal da sauran ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza. Ƙasashen Schengen, irin su Italiya da Jamus da Faransa, kuɗin bizarsu yuro 90 ne ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Suna neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata uku bayan ranar fitowarka daga ƙasashensu, kuma ana iya nema tun saura wata shida. Yi amfani da wannan damar. Ta Amurka dala 185 ce, ana ganawa a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Victoria Island, kuma ƙa'idojinsu kan 'yan Najeriya na yawan sauyawa, don haka karanta shafinsu kafin ka biya rajistar taro.

Takardun da kusan kowa ke nema: gayyata, shaidar tallafi, wasiƙar makaranta da ke nuna kai ɗalibi ne ko ma'aikaci kuma za ka dawo, bayanan asusun banki na watannin baya, shaidar masauki, da ajiyar kujerar jirgi.

Hattara biyu. Kada wani ɗan'uwa ya zuba maka miliyoyi a asusu ana jibi za ka kai takardu don "ya yi nauyi". Kuɗin da ya faɗo rana ɗaya ba bayani ya fi asusu maras kuɗi jawo zargi. Wasiƙar tallafi ita ce hujjarka. Sannan kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. In ganawarka da safe ce a tsibiri kuma kana Agege ko Mile 12, ka fito bayan asuba, gadar Third Mainland ba ta da alkawari.

In biza ta ƙi, rubuta wa masu taro nan take. Da yawa yanzu suna barin a gabatar ta intanet.

8. Haɗa fosta ko jawabi

Girman fosta galibi A0 ne, santimita 84.1 da 118.9, amma duba ko a tsaye suke so ko a kwance. Rubutu kaɗan, zane babba. Kowane zane ya nuna abin da ke kowane gefe da ma'auninsa. Mutum ya iya karanta kanun daga taku uku.

Shomolu ita ce unguwar 'yan ɗab'i, can za ka kai. Kai musu PDF, kada ka kai fayil ɗin da zai wargaje a kwamfutarsu, ka kuma sa su fara buga ƙarami a A4 ka duba alamomin lissafi, domin haruffan Girka kan rikiɗe su zama akwatuna. In suna bugawa a kan yadi, zaɓi yadi: ka naɗe shi cikin jaka, ba ruwanka da doguwar gora a jirgi. Kada ka yarda da ledar allon talla mai sheƙi, tana da nauyi kuma fitila na hana a karanta ta.

Jawabi kuwa, shafi ɗaya ga kowane minti. Gwada shi da agogo a gaban 'yan sashenku, su yi maka tambayoyi marasa daɗi. Ajiye kwafin PDF a filashi da kuma imel.

9. Shirya laftof da jaka

In bita ce, za su turo jerin manhajojin da za a saka: Python da Astropy, wataƙila DS9 ko TOPCAT, ko CASA in ta rediyo ce. Saka su a Legas ka gwada sun tashi. Wanda ya bari sai ya isa, ranar farko gaba ɗaya saukewa zai yi yayin da ake darasi. Kan soket ya bambanta: Turai mai ƙafa biyu zagayayyu, Afirka ta Kudu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu, adafta na nan a Computer Village. Yuni zuwa Agusta hunturu ne a Afirka ta Kudu, ɗauki rigar sanyi ta gaske.

A fom ɗin rajista akwai gurbin abinci, rubuta halal ko ka zaɓi na ganye da kifi. Tambayi masu taro ɗakin da za ka yi salla, abu ne da suka saba ji. Kilishi kuma bar shi a gida, ƙasashen Turai ba sa barin a shigo da nama.

Gayyata da shaidar masauki da tikitin dawowa da katin rigakafi su kasance a takarda cikin jakar hannu. Jami'in shige da fice ba zai jira wayarka ta kama layi ba.

10. A zauren taro

Daren da ka isa, buɗe jadawali ka ja layi a ƙarƙashin mutum uku da aikinsu ya shafi naka, ka karanta tsakuren maƙalarsu ta baya-bayan nan a arXiv, shafin da masu bincike ke ɗora maƙalolinsu kyauta. Lokacin shan shayi nan ne ainihin taron. Kada ka maƙale wa 'yan Najeriya a kusurwa, za ku haɗu a jirgi. Je wurin mutumin, faɗi sunanka da jami'arka da abin da kake aunawa cikin jimla biyu, ka yi masa tambaya ɗaya takamaimiya kan aikinsa.

Tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin tare babba da tambaya, abu ne mai kyau, amma a can shiru ba ladabi ake ɗaukarsa ba, ɗauka ake ba ka da sha'awa. Za ka ji ɗalibai na kiran farfesa da sunansa tsura. In bakinka ya ƙi, ce "Farfesa" ko "Dakta", ba wanda zai ji haushi. Abin da ba a so shi ne ka buɗe hira da roƙon gurbin digiri na uku. Fara da kimiyya, maganar gurbi ta biyo baya a imel. In an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ce ba ka duba wannan ba tukuna, ka rubuta ta a gaban mai tambayar.

11. Bayan ka dawo

Cikin mako ɗaya tura imel ga waɗanda kuka yi magana, ka tuna musu a kan me, ka haɗa da fostarka. Ɗora ta a Zenodo, rumbun ajiye ayyukan bincike a intanet, don ta samu lambar da za a riƙa ambatonta da ita. In taron na buga kundin maƙaloli, kamar tarukan IAU da madaba'ar jami'ar Cambridge ke bugawa, akwai wani wa'adin kuma, rubuta shi a takardar nan ta mataki na 4.

Masu mayar da kuɗi za su nemi rasit na biza da inshora da masauki, da guntun katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa. Ɗauki hotonsu tun a filin jirgi, domin rubutun irin wannan takarda kan goge cikin 'yan makonni a zafin Legas. Rahoton da mai tallafi ya nema kuma ka aika kafin ranar da ya sa, da kwafin takardar shaidar halarta, ka kai wani kwafin ofishin shugaban sashenku a saka a fayil ɗinka.